Shin gidan Kennedy gadon mulki suke yi a Amurka?

Malam, ka tambaya ko gidan Kennedy sarauta suke gada. A'a, zaɓe suke ci, sai dai kuɗi da suna sun share musu hanya. Kakan kakansu, Patrick, ya baro Ayaland a 1849 lokacin yunwar dankali, ya sauka Boston yana sana'ar ƙera ganguna. Jikansa Joseph ne ya tara dukiya, har ya zama jakada a Ingila a 1938. 'Ya'yan Joseph uku, John da Robert da Ted, suka shiga majalisar dattawa. An harbe John yana shugaban ƙasa a Dallas a 1963, Robert kuma a 1968. Ni dai Ted ya fi burge ni: kusan shekara 47 yana sanata, har ya rasu a 2009.