Amsa ga Alhaji kan filin da ke kusa da tsohuwar bola

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, ranka ya daɗe, na ji muryarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce dillali ya nuna maka fili a wajen Igando a Legas, gefen tsohuwar bola, wai an zuba ciko an daddale, kuɗin ma da sauƙi, kana tambaya ko a biya. To don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna.

Ciko ba ya kashe bola. Sharar tana nan a ƙasa tana ruɓewa, kuma da yake iska ba ta kai mata, gas take fitarwa. Kusan rabinsa metan ne, mai kama wuta. Abin tsoron, metan ba shi da wari ko kaɗan. Wannan ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai da ke bugun mutum in ya bi ta kusa da bolar Ojota wata iska ce daban. Saboda haka kar a ce an je an shinshina ba a ji komai ba. In metan ya taru a rufaffen wuri ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastin ashana ɗaya ya isa, ko tartsatsin makunnin lantarki. Kuma ba sama kaɗai yake tashi ba. Ka danne shi da daɓen siminti, sai ya bi gefe ta cikin yashi, ya bi ramin bututun ruwa, ya taru a sokawe ko a sito. Shi ya sa ko filin ba a kan bolar yake ba, kusancin ma abin dubawa ne. Ana iya shekara 20 ko 30 yana fitowa bayan an daina zuba shara.

Waɗanda suke Legas a 2018 sun tuna gobarar Olusosun, babbar bolar Ojota, a watan Maris, yadda hayaƙi ya turnuƙe Ojota har gwamna Ambode ya sa aka rufe wurin. Ku tambayi 'yan uwanmu masu jari-bola, sun san yadda wuta ke ci ta ƙasa ba a ganinta.

Sai ruwa, wanda ni ya fi damuna. Ruwan sama in ya ratsa shara, baƙi yake fitowa, ɗauke da dattin tsofaffin batura da fenti da magunguna. Ruwan ƙasa a Legas ba shi da nisa, mu kuma muna gama katanga sai burtsatse. Dalma in ta shiga ruwa, tafasawa ba ta fitar da ita, kuma yara take fi yi wa illa. Ga ƙasar kanta tana zama a hankali, gini ya yi ta tsagewa.

Maganar takarda kuwa, doka tana nan. Bayan an jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, da ke jihar Delta a yanzu, a 1988, aka kafa dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli a 1992, ita ce EIA. Ma'aikatar muhalli ta tarayya ke duba rahoton, kuma ana baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su karanta su yi magana. Amma fa Alhaji, fuloti ɗaya bai kai a yi masa wannan ba. In rukunin gidaje ne babba, nemi rahoton. In fuloti ne, kai za ka nemi ƙwararre ya yi gwaji, ka kuma leƙa LASEPA (hukumar kare muhalli ta jihar Legas) da LAWMA (hukumar kwashe shara ta jihar) ka ji iyakar bolar ta asali. Dillali zai nuna maka takardar safiyo ya ce ai ga shi. Wannan takardar, iyaka kawai take faɗa, ba ta san abin da ke ƙasa ba.

Inda aka yi gyara na gaskiya, da ido ma ana ganewa. Za ka ga an haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji ana auna gas ɗin sau da yawa, rani da damina. An rufe sharar da yumɓu da leda mai kauri. A ƙarƙashin gini an shimfiɗa tsakuwa da bututu mai huji-huji, an kai bakinsa saman rufi don gas ya fice. A babban wuri har zuƙo shi ake a ƙone. Sai ka tambaya, bayan an sayar, wa zai ci gaba da aunawa? Nan ne yawanci za ka ga an fara kame-kame.

Kafin komai, ka koma ba tare da dillalin ba, ka zauna da maƙwabta. Tambaye su zurfin burtsatsensu, ko suna shan ruwan ko wanki kawai suke yi da shi, ka dubi bangonsu. Ka ɗebo ruwan a gora mai tsabta a kai a gwada. In dillalin ya ba ka wata takarda, ɗauki hotonta ka turo min in duba.