Muryar Mushe a kan gardamar daren jiya: duniya faifai ce?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na saurari muryoyinku na daren jiya duka, na sha dariya, musamman inda Kawu ya rantse duniya faifai ce, ya ce in da dunƙulalliya ce tana juyi da tuni ruwan tafkin Madarunfa ya kwararo mana cikin gari. Na san raha ce. Amma akwai ƴan lakwal a gurup ɗin nan, har ɗaya ya biyo ni ta gefe yana tambaya ko gaskiyar Kawu ce, shi ya sa na ce bari in amsa da gaske.

Kawu, Allah ya ja kwana, mu fara da azumi. Wa ke riga shan ruwa, mu nan Maradi ko Yamai? Mu ne, da wajen minti 20. Difa kuma su riga mu da wajen minti 22. Agogonmu ɗaya, ƙasarmu ɗaya, ga shi garuruwan uku kusan layi guda suke daga gabas zuwa yamma. Ka kira ɗanka a Yamai lokacin da ladan ya kira magariba a nan, ka ce ya leƙa waje, zai ce maka ga rana can jawur ba ta faɗi ba. In shimfiɗe duniya take, rana ta faɗa bayanta, ai dare ɗaya zai rufe mu tare. Doron ƙasa ne ya kare mana ita, su bai kai gare su ba tukuna. Duniya na cika juyi ɗaya, digiri 360, cikin awa 24, kowane digiri minti 4 ke nan, mu da Yamai kuwa digiri 5 ne. Ka buga lissafin da kanka. Shi ya sa ma kake ganin ana buɗa baki a Makka ta talabijin alhali nan ba mu daɗe da sallame la'asar ba.

Sai husufin wata, wanda yara ke fita da gwangwanaye suna cewa rana ta kama wata. Inuwar duniya ce ke hawa kansa. Waɗanda suka kalli na 27 ga Yuli 2018 sun ga bakin inuwar a lanƙwashe, kuma kowane husufi haka yake. Ɗauki faifan naka ka haska shi da tocila, ka ɗan karkata shi, inuwar za ta tsuke har ta koma kamar sanda. Abu mulmulalle kaɗai ke ba da inuwa zagayayya ta ko'ina ka juya shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da Alhaji ya ce zancen Nasara ne. Wallahi ba haka ba ne, Alhaji, gadonmu ne muke neman yarwa. Halifa Ma'amun na Bagadaza, wajen shekarar 830, ya tura masana filin Sinjar suka auna girman duniya. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya rubuta ƙarara cewa dunƙulalliya ce. Ayar Suratul Gashiya da ka kawo kan shimfiɗa ƙasa gaskiya ce, kuma malamin tafsiri Imam Razi ya yi bayani: abu in ya cika girma, kowane yanki nasa shimfiɗe yake a idon wanda ke kai. Kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne, kai kuwa in kana tsaye a fili idonka bai wuce kilomita 5. Ina za ka ga lanƙwasa?

Ruwan Madarunfa kuwa, duniya ce ke jan komai zuwa tsakiyarta, mu da ruwa da iska. Ko'ina mutum ya tsaya, ƙasa gare shi ita ce wajen ƙafarsa.

Ƴan lakwal, ga aikinku. Rana na tsayawa daidai tsakar kanmu a Maradi sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Ku kafa sanda miƙe sak, da rana tsaka za ku ga inuwarta ta shige ƙarƙashinta. Ku sa wani a Agadas ya kafa tasa, shi zai ga guntuwar inuwa ta nufi arewa. Da irin wanga awon masanin Girka Eratostin ya gano girman duniya a Masar, tsakanin Aswan da Iskandariya, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Wanda ke da ɗan'uwa a Agadas ya yi magana tun yanzu mu shirya. Kawu, a ƙofar gidanka za mu kafa tamu in ka yarda. A gaida su Inna.