Amsa: Mako shida ya yi wuri a raba 'yan kwikwiyo da uwarsu

Malam, ka tambaya ko za ka iya miƙa 'yan kwikwiyon Pomeranian ɗinka a mako 6 tunda sun fara cin abinci da kansu. Kada ka yi. Cin abinci daban, yaye daban. Mafi ƙaranci mako 8 ne, a Ingila ma doka ta hana masu kiwo sayar da wanda bai kai haka ba. Ƙananan karnuka irin naka, da Chihuahua da Maltese, gara su kai mako 10 zuwa 12.

Babban haɗarin shi ne faɗuwar sukarin jini. Jikinsu ƙarami ne, hantarsu ba ta ajiye sukari da yawa. Idan ɗaya ya tsallake abinci saboda baƙuntar sabon gida, sai ka ga yana tangaɗi, dasashinsa ya yi fari, wani har farfaɗiya. Shafa masa ɗan zuma a dasashi, ka garzaya wurin likitan dabbobi. Shi ya sa ake ciyar da su sau huɗu a rana. Wani dalilin kuma, a wasa da 'yan uwansa ɗan kwikwiyo yake koyon sassauta cizo.

Kafin su tafi, a ba su maganin tsutsar ciki duk mako biyu tun daga mako 2, da allurar farko ta rigakafin parvo (cuta mai sa amai da zawo) tsakanin mako 6 da 8.

Ita kuwa karyar, a duba ƙoƙon gwiwarta kafin a sake yi mata barbara, domin gocewarsa gado ne a wannan jinsin. Ka lura da ita yanzu: rawar jiki da haki lokacin shayarwa alamar ƙarancin sinadarin kalsiyam ne, yana kisa cikin sa'o'i.