Ƙananan ƙwari na cin murjanina: me ya kamata in saya?

Da yawanmu idan an ce murjani, jan dutsen ado na wuyan amare ke zuwa mana a rai. Wanda ake tambaya a kai a wannan makon mai rai ne, dabbar teku da wasu ke kiwo cikin akwatin gilashi na ruwan gishiri a gidajensu. Wasiƙu uku suka zo, duk a kan ƙananan halittun da ke addabar sa.

Tambaya daga wani mai karatu a Jidda: Assalamu alaikum. Akwatina lita 300 ne, shekararsa biyu. Murjanina nau'in Acropora, mai rassa, ya dusashe, ya daina fito da 'yan hannuwansa masu kama da gashi. Da na haska tocila sai na ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, kowanne da jan tabo, suna motsi. Mai shago ya ce in sayi ruwan magani da ake tsoma murjani a ciki, abokina kuma ya ce maganin karnuka ne ke kashe su. Wanne zan saya?

Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka ya fi kusa da gaskiya. Abin da ka kwatanta shi ne Tegastes acroporanus, ɗan mitsitsin dangin jatan lande da ƙaguwa, girmansa kamar rabin milimita. Acropora kaɗai yake hawa, musamman mai santsin jiki. Ruwan tsomawa zai kakkaɓe na jikin reshen da ka ciro, amma sauran na nan a kan rassan da ke manne da dutse, mako biyu ka koma gidan jiya.

Maganin karnukan sunansa Interceptor, sinadarin cikinsa milbemycin oxime, an yi shi ne don tsutsar zuciyar kare. Masu kiwon murjani ne suka gano yana kashe wannan ƙwaro, ba kamfanin ya yi shi don akwatin kifi ba, don haka ka bi ta hannun likitan dabbobi ka faɗa masa abin da za ka yi da shi. Ƙwaya ɗaya ta manyan karnuka, mai miligiram 23, kan isa ruwan da ya kai lita 1,400. Kai wajen kashi ɗaya cikin biyar kake bukata, a daka shi, a narkar a kofi.

Sai dai ba ya bambance ɗan gida da ɓarawo. Zai kashe jatan landenka da ƙaguwoyinka, da ƙananan halittun cikin dutse waɗanda wasu kifaye ke rayuwa a kansu. Ka kwashe waɗanda za ka iya kamawa tukun. Ka cire gawayin tace ruwa, ka bar maganin awa shida, ka canza rubu'in ruwan, ka mayar da sabon gawayi. A maimaita bayan mako, sannan a ƙara na uku. In rassan Acropora ɗinka ba su wuce biyar ko shida ba, ni da zan ciro su in yi musu maganin a wani akwati daban, in bar babban lafiya.

Tambaya daga wata mai karatu a Mancesta, Ingila: Na sayi ɗan reshen Acropora, na tsoma shi cikin ruwan tsomawa na Coral Rx kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar kafin in saka shi. Bayan mako biyar sai murjani uku suka fara fari daga gindi, da wasu ƙananan tabo zagayayyu a ƙarƙashin rassa. Ko jabu aka sayar mini? In sayi wani iri ne?

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukun, kwalbarki ba ta da laifi. Kafin komai ki auna ruwanki. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 25 da 26, ma'aunin sinadarin alkali na ruwa (dKH) kuma tsakanin 7 da 9 ba tare da hawa da sauka ba, domin tangal-tangal ɗin alkali ma yana sa Acropora fari daga gindi. Amma waɗannan zagayayyun tabo shaidar cizo ne, kuma sun fi kama da aikin shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai cin Acropora. Masana sun yi mata suna Amakusaplana acroporae a 2011, daga baya aka mayar da ita Prosthiostomum acroporae.

Wahalarta ita ce ba a ganinta. Tana cin naman murjani har da ƙwayoyin gansakukan da ke ba shi launi, sai jikinta ya ɗauki launin abin da take kwance a kai. Na taɓa duba wani reshe da gilashin ƙara girma har idona ya yi ruwa, ban ga komai ba. Da na saka shi a farin kwano, na zuba ruwan tsomawa, na feshe shi da sirinji, minti uku ba a yi ba sai ga su suna saɓulowa kamar ɓawon albasa, suna naɗewa a gindin kwanon. Na ƙirga goma sha ɗaya daga reshen da bai kai ɗan yatsa ba. Ranar na daina yarda da idona kawai.

Abin da ya faru da ke shi ne ƙwai. Ruwan tsomawa yana kashe manya, ba ya ratsa ƙwai, ko Coral Rx ne ko Revive ko aidin. Tsutsar kan manna su rukuni-rukuni, masu ruwan ƙasa, a kan ƙashin murjanin da ya mutu, a gindi, ko a jikin ɗan dutsen da ake manna reshe a kai. Cikin mako biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe, a lokacin ke kin riga kin saki jiki.

Ga inda zan sa kuɗin in ni ce ke: ƙaramin akwati na lita 40, da abin ɗumama ruwa, da ɗan famfo, da fitila, da gilashin ƙara girma. Duka ba za su kai kuɗin murjani uku masu kyau ba. Ki kwashe duk Acropora ɗin gidan zuwa ciki, har ɓurɓushin da ya bazu a kan dutse ki kankare, don kada a bar wa tsutsar abin ci. Kowane reshe ki yanke shi sama da inda ya mutu, ki jefar da gindin da tsohon dutsen, ki manna shi a sabo da gam. Kada ki ji tausayin gindin nan, can ƙwan suke. Sannan tsomawa sau ɗaya kowane mako, mako shida a jere, kina ɗauraye shi a ruwan gishiri mai tsabta kafin ya koma. Babban akwatin ya zauna ba Acropora aƙalla wata biyu.

Za a ce miki ki sayi kifin da ke tsince tsutsotsin, irin Halichoeres chrysus mai ruwan ɗorawa. Kifi ne mai kyau, yana rage su, kuma yana bukatar yashi mai laushi da zai shige ya kwana. Ba zai ƙarar da su ba. Idan kuma kina da murjani nau'in Montipora, ki riƙa juya ƙarƙashinsa da dare: akwai wani farin dodon koɗi marar kwanso, bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai cin sa daga gefe, shi ma ƙwansa ba ya jin tsomawa. Duk sabon reshen da za ki ƙara saya, ya yi wata guda a ƙaramin akwatin kafin ya ga babban.

Tambaya daga wani mai karatu a Abuja: Wasu jajayen abubuwa falan-falan, kamar ƙwayar riɗi, sun rufe mini yashi da gilashi, har sun fara hawa murjani. In sayi maganin Flatworm Exit?

Ka saya, ɗan'uwa, yana aiki. Waɗannan wasu shimfiɗaɗɗun tsutsotsi ne masu suna Convolutriloba. Ba cin murjani suke yi ba, tare masa haske suke yi in sun yi yawa. Haɗarin yana wajen mutuwarsu, domin suna sakin guba, kuma in dubbai suka mutu lokaci guda sai su tafi da kifayenka. Ka yi kwana uku ko huɗu kana zuƙe su da siririn tiyo har su ragu sosai. Ka haɗa sabon ruwan gishiri da zai kai rubu'in akwatin, ka ajiye gawayi mai yawa a kusa, sannan ka zuba maganin. Da sun fara mutuwa ka ci gaba da zuƙe gawarwakin.

Kada ka fara sai janareta ko inbatarka na shirye, domin in aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin, famfo ya tsaya, iska ta yi ƙasa ga guba a ruwa. In kana da murjanin Palythoa ko Zoanthus a ciki, sa safar hannu da tabarau kafin ka taɓa dutsen da suke kai. Wasunsu na ɗauke da guba mai suna palytoxin, wadda ta sha kai mutane asibiti ta ɗan ƙaramin yanka a hannu ko fantsama a ido.