Hoton Majalisa da Hoton Bakin Ƙofarta

Ka tambaye ni abin da ya sa hotunan da kake ɗaukowa a zauren majalisa suke fitowa ba rai, su kuma na zanga-zangar da ake yi a bakin ƙofarta, duk da hayaƙi da ɗaga hannu, suke kama da juna. Ɗana, cutar guda ce, domin a ciki da waje abin da aka shirya wa kyamara kake ɗauka.

Ɗan siyasar da ya hau mumbari ya san inda kake tsaye, kuma tun daga gida ya gyaro fuskar da zai ba ka. Mai ɗaukar hoto Erich Salomon ya gane haka a Jamus ta zamanin Jamhuriyar Weimar, wadda ta rayu daga 1919 zuwa 1933. Aikin lauya ya karanta, yakan sa irin kayan da manya ke sawa ya saje da su, yana riƙe da ƙaramar kyamarar Ermanox mai iya aiki da hasken ɗaki ba tare da filasha ba. A taron ƙasashe da aka yi a birnin Hague na Holan a 1930 ya yi haƙuri har dare ya raba, sannan ya ɗauki ministoci sun zube a kujeru, gajiya ta ci ƙarfinsu, ana kan maganar diyyar Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka ɗora wa Jamus. Wannan hoto ya nuna yadda ake yanke shawara fiye da duk wata musafaha ta gaban tuta. Shi kansa Salomon a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz aka kashe shi a 1944, bayan jamhuriyar da ya ɗauka ta rushe.

Saboda haka ka riga kowa isa, ka zauna bayan an tashi, ka sa ido a kan mai raɗa a kunne da kujerun da aka bari wayam lokacin ƙuri'a.

A titi kuwa, ka daina bin wanda ya fi kowa ihu. Barbara Klemm, mai ɗaukar hoton da ta daɗe tana aiki da jaridar Frankfurter Allgemeine ta Jamus, ta ɗauki dogaran jam'iyyar NPD mai ra'ayi irin na 'yan Nazi a Frankfurt a 1969, sun jeru da hulunan kwano, ba wanda ya ɗaga hannu a cikinsu, amma mai kallo yana jin barazanar. Ka ja baya kaɗan har 'yan sanda da masu zanga-zanga da ginin da suke jayayya a kansa su shiga hoto ɗaya, domin idan ka matse a kan fuska guda ka riga ka ɗauki ɓangare, ko ba ka yi niyya ba.

Kafin ka miƙa wa edita, ka rubuta wuri da rana da sa'a a ƙarƙashin kowane hoto, kada ka goge ko ka ƙara komai a kwamfuta, kuma ka auna ko fuskar talakan da ke ciki za ta iya jawo masa kamu gobe.