Amsa ga Maman Biyu kan takardar makon NAIDOC da maganar hayaƙi

Salamu alaikum. Maman Biyu, tun da asuba na ga tambayarki, na fara rubutu na goge har sau biyu, don kin fama min tsohon miki. Kin ce 'yan biyunki da ke aji ɗaya sun kawo takardar makon NAIDOC, makon da ake bikin al'adu da tarihin Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar Ostareliya, an rubuta za a yi hayaƙi a filin makaranta, a shafa wa yara ƙasa a fuska, sannan wata dattijuwar Noongar, Aborijin ɗin yankin nan na Perth, ta ba su labarin macijinsu Wagyl. Kina tambaya ko ki ce ba su da lafiya su zauna a gida ranar. Don Allah kada ki yi ƙaryar ciwo. Yara ne, washegari da bakinsu za su gaya wa malama cewa lafiyarsu ƙalau, Mama ce ta hana. Bari in ba ki nawa labarin, sai ki auna.

Shekararmu ta farko a Perth, babbar 'yata tana aji biyu. A lokacin duk takardar da ta fito daga jakarta a tsaye nake sa mata hannu a kicin, ludayi a ɗaya hannun. Ban karanta ta NAIDOC ba, ban karanta fom ɗin izinin hoto ba tun farkon shekara. Aka yi biki a makon ƙarshe na zango na biyu, tunda ainihin makon yakan faɗo cikin hutun Yuli. Yarinya ta dawo da murna, ta ce sun ci burodin toka, na ce madalla, na ci gaba da aikina. Ashe makaranta ta sa hotuna a shafinta na Facebook. Ga 'yata nan a gaba da ɗan hijabinta na makaranta, layi biyu na farar ƙasa a kumatu, hayaƙi ya turnuƙe a bayanta, tana dariya har giɓinta ya fito.

Wata baiwar Allah ce ta gani. Ba zan kama suna ba, ta san kanta, kuma na san za ta karanta wannan. Matar da na kwana uku ina dama mata kunun kanwa da ta haihu, lokacin ba ta da kowa a garin nan. Lambata tana wayarta. Gidana da nata bai kai tafiyar minti goma a mota ba. Ba ta kira ni ta ce wance kin ga hoton 'yarki kuwa ba. Sai ta ɗauka ta tura wa yayarta a Katsina, ta rubuta a ƙasa wai 'ya'yan wane an fara bori a ƙasar Turawa. Kwana biyu hoton yana yawo daga waya zuwa waya ban sani ba, har ya isa hannun surukata.

Ƙarfe uku na dare waya ta tashe ni. A can takwas ne, an idar da isha'i. Baban yara yana Pilbara, can arewa da nisa, wajen aiki, sati biyu-biyu yake yi, ni kaɗai ce da yara a gida. Hajiya ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce ashe abin da na bi ɗanta in yi ke nan, a sa mata jika a gaban wuta ana mata turaren tsubbu. Ta ce in ba zan iya riƙon amana ba a sa yarinyar a jirgi a kawo mata. Matar nan shekara tara ba ta taɓa ɗaga min murya ba, 'yata take ce min. Ina durƙushe a kan tayil, ga sanyin Yuni, ina ta "Allah Ya huci zuciyarki Hajiya" alhali ban ma san hoton da ake magana a kai ba. Sai da ƙanwar mijina ta turo min. Na ga rubutun da ke ƙasa, na gane hannun mai shi, don ita kaɗai ce take rubuta sunan mijina da wannan kuskuren. Har yau in na ga ta sa addu'ar Juma'a a zauren nan namu sai in ji wani abu ya tokare min wuya. Na yafe, ai an ce a yafe. Amma ba ta taɓa cewa yi haƙuri ba, ko a Sallar da muka haɗu, sai ma ta rungume ni tana tambayar ya yara.

To nan ne ni ma na tafka tawa. Ban runtsa ba. Gari na wayewa na ja yarinya muka tafi, ban nemi ganin shugabar makaranta ba, kai tsaye na wuce ƙofar aji. Yara sun zauna a kan kafet za a kira suna. A gabansu na buɗe murya. Na ce wa malamar wa ya ba ta izinin sa 'yata cikin tsafi, kuma kalmar maita ta Turanci na yi amfani da ita, don ita ce ta zo bakina. Malamar ta yi jawur, ta ce ni na sa hannu. A can gefe akwai wata mata mai furfura tana yanka takardu da almakashi, jami'ar da ke kula da harkar yaran Aborijin a makarantar. Ta ajiye almakashin, ta kalle ni, ba ta ce uffan ba. 'Yata kuwa ta cusa kai tsakanin gwiwoyinta. Wannan zaman nata shi ne abin da ba ya barin idona. Wata guda cur in na kai ta makaranta sai ta ce, Mama ki tsaya a get. Yarinyar da da sai na raka ta har wurin rataye jaka.

Bayan hutu shugabar makaranta ta kira ni, ta haɗa ni da matar. Anti kowa yake ce mata. Haka suke kiran manyansu, Anti da Ankul, kamar yadda muke Goggo da Kawu ko ba dangin iya ba na baba. Na tafi da shirin faɗa, ita kuma ta zo da shayi. Ta yi min bayanin hayaƙin ba tare da ɓoye komai ba: ɗanyen ganye ake sawa a garwashi, irin na bishiyar turare, kuma a wajensu yana tsarkake wuri, yana korar miyagun iskoki, yana yi wa baƙo maraba. Ta ce ba a tilasta wa kowa, har cikin danginta akwai Kiristocin da suke tsayawa gefe. Sannan ta ce kalmar da na faɗa ba sabuwa ba ce a kunnenta, irinta aka riƙa gaya wa mahaifiyarta a Moore River.

Ban san Moore River ba a lokacin. Sansani ne a arewacin Perth kusa da Mogumber, an buɗe shi a 1918. Dokar 1905 ta jihar nan ta Yammacin Ostareliya ta mayar da wani jami'in gwamnati waliyyin 'ya'yan Aborijin, kuma wanda ya fi daɗewa a kujerar, A. O. Neville, ya hau a 1915. Da wannan ikon ake ɗauke yaro daga hannun uwarsa, musamman in fatarsa ta yi haske, a kai shi irin waɗannan wurare, a hana shi yarensa. Daga 1927 zuwa 1954 ɗan Aborijin ba ya shiga tsakiyar birnin Perth sai da takardar izini, a ƙasar kakanninsa. Sai 13 ga Fabrairun 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Ni da barazanar a ɗauke min 'ya ta waya kawai ta hana ni barci, ga ni zaune gaban matar da aka ɗauke uwarta da gaske. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ba ta haƙuri ina kuka, ta miƙo min tishu ta ce in sha shayina kafin ya huce.

Ga abin da nake yi tun daga nan, ba fatawa nake ba ki ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Hayaƙin, yarana ba sa shiga. Tunda masu abin da kansu sun ce akwai aƙida a ciki, ni a ganina girmamawa ce ma kada mu mayar da shi wasa. Layi biyu nake rubuta wa malamar aji tun ana saura sati: saboda addininmu za su tsaya gefe su kalla cikin ladabi, sauran abubuwa duk su yi. Ba a taɓa ce min don me ba. Ki rubuta, kada ki aika yaro da saƙon baka, kuma kada ki bari sai a ranar ɗan shekara shida ya tsaya yana yi wa malama bayanin tauhidi. Shafa ƙasar kuwa na bar wa yaran, babbar ta daina da kanta, ƙaramin har yanzu shi ne na farko a layi.

Af, fom ɗin hoto. Tun kafin komai ki je ofis ki ce a nuna miki abin da kika sa wa hannu. Kina da damar ki ce kada a sa su a Facebook. Ba don makaranta ba, don mutanenmu.

Labarin Wagyl bai dame ni ba. Macijin da suka ce shi ya tsaga kogin Swan, Derbarl Yerrigan a bakinsu. Da yarinyar ta kawo min, na ce haka Noongar suka gada daga kakanninsu, mu kuma mun san Wanda Ya halicci kogin, muka karanta Ƙulhuwallahu, aka zuba abinci. Mu da ake kwasar mu a mota daga firamare a kai mu Daura mu leƙa rijiyar Kusugu, a ba mu labarin Bayajidda da macijiya, wa ya dawo ya bar salla? Sai dai ki ja musu kunne kada su je aji su ce ƙarya ne ko tatsuniya ce irin ta Gizo. Akwai yaran Noongar a ajin, abin kakanninsu ne. Haka ma 'yar maganar da suke yi a asambuli kafin a fara, ta ambaton cewa makaranta tana kan ƙasar Whadjuk, reshen Noongar na nan Perth, da gaida dattawansu. Na saurara da kyau, ba roƙon kowa ake yi ba, faɗin masu ƙasa ne.

Kuma wallahi akwai abin ƙaruwa. Ɗana ne ya koya min cewa Noongar yanayi shida suke ƙirgawa, ba huɗun Bature ba: Birak, Bunuru, Djeran, Makuru, Djilba, Kambarang. Makuru ne wannan sanyi da ruwan na Yuni da Yuli, Bunuru kuma zafin Fabrairu da ke sa mutum ya tuna Sakkwato. Ba da kalanda suke ganewa ba, da furen da ya fito da tsuntsun da ya fara kuka. Na ce ai mu ma haka ne, na lissafa masa bazara, damina, kaka, hunturu, na gaya masa yadda kakata take cewa shamuwa ta iso a gyara gona. Ya rubuta a kwali ya kai aji, Anti ta manna shi kusa da nasu. A asambulin da ya biyo baya aka ba shi takardar yabo, tana nan a jikin firij. Anti ce kuma ta fara gaya min cewa Musulmi da mutanenta ba yau suka saba ba, masu raƙuman nan da ake kira Afghan sun ratsa daji tun ƙarni na 19, wasu sun auri matansu, kuma su suka haɗa kuɗin masallacin William Street da aka fara ginawa a 1905. Sau nawa na yi salla a masallacin ban sani ba.

Abincin ranar ne ma ya kamata ki sa wa ido. Burodin da suke cewa damfa gari ne da ruwa da gishiri, ba komai. Amma wani lokaci akan yi miyar kangaru ko a gasa sosej, kangarun kuwa harbinsa ake yi a daji, sosej ɗin ma ba ki san na mene ne ba. Ki cika musu akwatin abincinsu, ki rubuta a takardar. In kuma kina da hali ki shiga ƙungiyar iyaye. Tun da na shiga, duk gashin da za a yi ni nake sayo na halal, har da tiren gashi daban, ba wanda ya taɓa ɓata rai. Wanda ba ya zuwa taro shi ake yanke wa hukunci a bayansa. Tunda ana maganar abinci, ranar 21 ga Maris in an ce kowa ya kawo na ƙasarsu kada ki kuskura ki kai abin da ya taɓa gyaɗa. Saura ƙiris in kai tsire da yajin ƙuli, Allah Ya sa wata uwa ta tambaye ni me ke ciki tun a wurin ajiye mota. Akwai yaran da ɗan kaɗan zai kai su asibiti. Cincin nake kaiwa yanzu, ko masa.

Ki je ranar da kanki. Iyaye suna zuwa, ki tsaya a bayan layi da 'yan biyunki ki gani da idonki. Kuma ki riga kowa gaya wa na gida. Ni yanzu kafin a yi nake kiran Hajiya in ce gobe ga abin da za a yi a makaranta, ga wanda za su yi, ga wanda ba za su yi ba. Mun shirya da ita tuni, har tana tambayar ƙaramin yadda ake sannu da yaren, ya ce mata kaya, ta ce kayan wa, ya yi ta dariya. Waccan kuwa da ta tura hoton, na ji ɗanta zai shiga share fage a Fabrairu. Ba zan ce komai ba.

In makarantarku a arewacin kogi take, turo min saƙo ta gefe ki faɗa min ranar. Laraba da Alhamis ba na aiki, sai in zo mu tsaya tare. Ki sa musu rigar sanyi, filin yakan jiƙe da safe, kuma a ƙasa ake zaunar da su.