Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ƙiyasta Shekarun Matashin Namijin Barewar Turai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Landan, kuma a watan Oktoba na ga garken barewa masu ɗige-ɗigen fari a gandun shaƙatawa na Richmond. A cikinsu akwai wani ƙaramin namiji mai ƙahoni biyu miƙaƙƙu marasa rassa. Abokina ya ce ana gane shekarun irin wannan dabba ta hanyar ƙirga rassan ƙahonta, wato kowane reshe shekara guda. Shin haka ne, kuma shekarun wanda na gani za su kai nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dabbar da ka gani ita ce wadda masana ke kira Dama dama, wadda asalinta daga yankin Turkiyya da gabashin tekun Bahar Rum ne, kuma ta daɗe da zama a gandayen Ingila. Maganar abokinka ta yaɗu ƙwarai, amma ba daidai ba ce, domin yawan rassa ya danganta da abinci da lafiya da gado kamar yadda ya danganta da shekaru.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne cewa yawancin 'ya'yan wannan barewa a watan Yuni ake haihuwarsu, saboda haka daga Yuni ake soma lissafi. Maza ne kaɗai ke da ƙaho, kuma ƙahon nasu ƙashi ne da ke faɗuwa kowace shekara a Afrilu ko Mayu, sannan sabo ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi, wadda dabbar ke gogewa a jikin itatuwa wajen Agusta zuwa Satumba. Wannan ya bambanta shi da ƙahon barewar dajinmu ko na rago, wanda ba ya faɗuwa har ƙarshen rayuwa.

A shekarar farko ɗan barewa ba shi da ƙaho, sai wasu ƙananan tudu biyu da ke kumburowa a kansa a lokacin sanyi, kuma ana iya gane namiji ne ta tukkun gashin da ke ƙarƙashin cikinsa. A shekara ta biyu ne yake fitar da ƙahon farko, tsini biyu marasa rassa. Saboda haka wanda ka gani a Oktoba, bisa ga dukkan alamu, an haife shi ne a Yunin shekarar da ta gabata, wato yana da kimanin wata 16. A shekara ta uku ƙahon yakan yi rassa, daga nan kuma samansa ya riƙa faɗaɗa kamar tafin hannu a shekarun da ke biye. Daga wannan mataki ne ƙiyasi ke rauni, domin namijin da ya sami kiwo mai kyau zai iya riga sa'ansa nesa ba kusa ba, har mai kallo ya ƙara masa shekara guda ko biyu.

A ganina haƙori ya fi ƙaho gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa buɗe bakin rago a kasuwa ya san dalili. Masana na duba turamen muƙamuƙin ƙasa, inda babba ke da guda 6 a kowane gefe. Haƙori na uku daga gaba a wannan jeri shi ne mabuɗin lamarin: muddin na ƙuruciya ne, za a gan shi da sassa uku, amma bayan famfara, wadda ke faruwa wajen cikar shekara 2, wanda ya maye gurbinsa sassa biyu gare shi. Bayan haka sai dai a dubi yadda turamen suka zaizaye, wanda shi ma ƙiyasi ne. Wannan duba aikin likitocin dabbobi da masu kula da gandu ne, kuma galibi a kan dabbar da ta mutu ake yin sa.

Kai da ke kallo daga nesa, ka haɗa ƙahon da siffar jiki, domin matashi siririn wuya gare shi, fuskarsa gajeriya, kuma maƙogwaronsa bai fito fili kamar na babba ba. Ina roƙonka kada ka matsa kusa don tabbatarwa, domin Oktoba lokacin barbara ne da manyan maza ke faɗa, kuma hukumar gandun ta buƙaci masu ziyara su tsaya aƙalla mita 50 daga garken.